Yawon da na sha kafin a bar ni in koya wa 'yan sakandare abacada

Na yi shekara tara ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandare kafin in yarda da abin da idona ya daɗe yana gani. A zangon farko na shekarar karatu ta 2023/2024 aka ba ni aji ɗaya, yara 78, wasu a benci wasu a ƙasa. Yadda muka saba, in karanta layi su maimaita, aji ya ɗauki amo har masu wucewa su ce Malam yana aiki. Ran nan sai na ce wa wani yaro da ke zama bakin taga ya karanta mini daga sakin layi na biyu. Ya miƙe da ƙarfin gwiwarsa, ya ɗora yatsa a tsakiyar shafi, ya rero mini layin farko na labarin tiryan-tiryan. Ashe hadda ya yi. Na ɗauki alli na rubuta "Inna ta dafa tuwo" a allo, na ce to karanta wannan. Ya dubi allon, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Shekara shida ya yi a firamare, ga takardar shaidarsa a fayil, amma kalma huɗu ta harshen da aka haife shi a ciki ta gagare shi. Nan na gane ba Turanci ne ya kayar da shi ba, karatun ne gaba ɗaya babu. Ina rubuta wannan don malamin da ya tsinci kansa a irin wannan hali, yake son buɗe ajin gyaran karatu a makarantar gwamnati, kada ya ƙona man da na ƙona a banza.

Kuskurena na farko, da baki na je. Washegari na faɗa ofishin firinsifal ina huci, na ce ranka ya daɗe yaran nan ba su iya karatu ba. Ya bari na gama, ya ce, "Malam, wannan ai ba sabon labari ba ne. In masu duba makarantu sun zo, manhaja za su tambaye mu, ba abacada ba." Na fito raina a ɓace. Da na huce na ga ba shi da laifi, don ban kai masa komai ba sai ƙorafi, shi kuwa kullum da ƙorafi yake karyawa. Da dare na kira wani abokina da muka yi kwalejin ilimi tare, yana koyarwa a Wudil, inda aka taɓa gwada wani shiri a can da Dawakin Tofa na koyar da yaro daga inda karatunsa ya tsaya ba daga ajin da aka ajiye shi ba, dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita. Ya ce kada in sake yi wa kowa magana sai na gwada yaran ɗaya bayan ɗaya. Na shirya takarda mai hawa huɗu: haruffa, kalmomi, ɗan sakin layi, sai gajeren labari, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci. Na kafa kujera biyu a gindin darbejiya, kowane yaro minti biyar, a lokacin tara da darussan da ba ni da aji. Kwana shida na yi. Cikin 78, 15 ne suka karanta labarin Hausa har ƙarshe, 26 kuwa ko haruffa ba su rarrabe ba, sauran suna tsakani. Na Turanci mutum 5 ne suka fita. A rana ta uku na kasa cin abincin rana, don cikin waɗanda ba su san harafi ba har da yaran da na ba maki mai kyau a gwajin wata, saboda sun kwafi allo da rubutu mai kyau.

Da na koma wa firinsifal da takarda ɗauke da suna da matakin kowane yaro, fuskarsa ta canja. Ya kira mataimakinsa mai kula da karatu, suka bi jerin da biro, ya tsaya kan sunan ɗan maƙwabcinsa ya yi salati. Ya ce ya yarda, amma taɓa jadawalin darasi ya fi ƙarfinsa, sai in rubuta wa ofishin ilimi ta hannunsa. Nan na yi kuskure na biyu. Ban tambayi wane ofishi ba, na buga wasiƙa a shagon kwamfuta, na hau babur sai sashen ilimi na ƙaramar hukuma. Na zauna awa biyu a benci kafin wani akawu ya dubi kan wasiƙar ya ce, "Malam, ai ku ba namu ba ne, ku na shiyya ne." Abin lura a nan, ba duk jihohi ne tsarinsu ɗaya ba. A wata jihar ƙaramar sakandare tana ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya, a wata tana hannun ma'aikatar ilimi ko hukumar sakandare. Ka tambayi akawun makarantarku inda yake kai rahoton wata, nan ne ofishinka.

Ofishin shiyya yana wani gari, tafiyar kusan minti hamsin a babur, ga shi an cire tallafin mai tun ƙarshen watan Mayun 2023, lita a lokacin ta haura naira 600. Kowane zuwa da dawowa sai na zuba lita biyu daga aljihuna. Zuwan farko aka maido ni daga bakin ƙofa: firinsifal ya sa hannu, amma babu hatimin makaranta, hatimin yana durowar akawu, akawu ya tafi suna. Zuwa na biyu aka karɓa, wata ma'aikaciya ta ce in dawo bayan mako biyu. Na yi godiya na fito ina murna, ban karɓi komai a hannuna ba. Da na koma aka bincike tebur uku, babu wasiƙa babu labarinta, kuma ba ni da abin da zan nuna cewa na taɓa kawowa. Na fito na zauna kan babur na rasa abin da ke mini daɗi. Wani dattijo masinja da ke cin goro a inuwa ya yafito ni, ya ce, "Ɗana, takardar da ba a buga mata shaidar karɓa ba marainiya ce. Gobe ka zo da kwafi uku, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata ka tafi da ita. Kuma ka zo ran Talata da safe, Litinin taro suke yi, Juma'a kuwa ka san hali." Na ce na gode Baba, na saya masa goron naira ɗari biyu, kuma duk cikin kuɗin da na kashe babu wanda ya yi albarkar wannan.

Ran Talata aka haɗa ni da jami'in da ke kula da ingancin karatu, tsohon malamin aji ne, hakan kuma ya taimaka. Ya karanta wasiƙar, ya duba sakamakon gwajin da na liƙa, ya ce matsalar wasiƙar ɗaya ce: na nemi a canja jadawali, kuma duk wasiƙar da ta ce a canja wani abu sai ta tafi hedikwata, in ta tafi kuwa sai dai in yi ta jira. Ya ce in nuna masa jadawalin. Ya sa yatsa kan darasin laburare, sau biyu a mako. Ya ce, "Kuna da laburare?" Na yi dariya, na ce ɗakin da aka rubuta wa laburare buhunan siminti ne a ciki. Ya ce to rubuta cewa kana neman izinin amfani da lokacin laburare wajen koyar da karatu, ka ƙara da minti arba'in kafin taron safe, ba ka canja komai ba. Na je shagon da ke tsallaken titi aka sake bugawa, na koma makaranta don sa hannu da hatimi, na sake dawowa. Kwana goma sha tara bayan nan amsa ta fito da sharaɗi uku: kada a karɓi ko sisi daga hannun yara, kada darussan manhaja su tsaya, kuma in kawo rahoto ƙarshen kowane zango. Daga ranar da na fara shiga ofishin firinsifal zuwa ranar da na riƙe takardar izini, wata biyu ne ba kwana kaɗan, zuwa shiyya sau shida.

Sharaɗin kuɗi ba na wasa ba ne, don dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara ta farko, shida ta firamare da uku ta ƙaramar sakandare, kyauta ce kuma tilas. Malamin da ya ce yara su kawo naira hamsin-hamsin na fotokofi, komai kyawun niyyarsa, yana iya samun kansa gaban kwamiti. Hanyar da ta rage ita ce kwamitin al'umma da ke sa hannu a tafiyar da makaranta, wato SBMC. Aka kira zama ran wata Asabar, mai unguwa na shugabanta, ga liman, ga wakiliyar mata, ga wakilin tsofaffin ɗalibai da 'yan iyaye. Da na ce zan fara da Hausa kafin Turanci sai wuri ya ɗauki guna-guni. Wani uba ya miƙe ya ce, "Malam, Hausa ai da ita suka tashi. Turanci muka kawo su su koya, don ba da Hausa ake cin kiredit a WAEC ba." Maganarsa da ƙamshin gaskiya, wanda bai da kiredit a Turanci ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ni kuma duk bayanin da na shirya ya tsere mini. Liman ne ya cece ni. Ya gyara zama ya ce, "Alhaji, kai da aka kai ka makarantar allo, da Baƙara aka fara maka? Ba babbaƙu ka yi ba, alu, ambaki, wau, zal, sannan farfaru, sannan ka fara haɗawa? Abin da Malam yake faɗa ke nan. Yaran nan an ɗora musu izu sittin ba su yi babbaƙu ba." Aka yi dariya, magana ta mutu. Wakiliyar mata kuma ta hana mu wani kuskuren, don da farko wasu sun so a mai da ajin bayan tashi. Ta ce in aka yi haka ba za mu ga mace ko ɗaya ba, ga talla ga Islamiyya da la'asar. A ranar aka tara naira 21,000. Na sayi kwali ashirin, maka, almakashi, ƙananan littattafan rubutu, sauran ya tafi a fotokofi. Wani kafinta cikin iyayen ya yanka mana guntayen filawud muka shafa musu baƙin fenti suka zama alluna. Duk abin da na saya na karɓi rasit na kai wa ma'aji, ko na naira ɗari ne.

Sauran matsala ɗaya, wadda na fi jin kunyar faɗa: ni kaina ban san yadda ake koya wa mutum karatu daga tushe ba. Ina da NCE, ina da rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista, na yi nahawu na yi adabi, amma ba ranar da aka nuna mini abin da zan yi da yaron da bai san harafi ba, don an ɗauka wannan aikin 'yan firamare ne. Na ji za a yi wa malaman aji ɗaya na firamare bitar Jolly Phonics, wani tsarin koyar da karatun Turanci ta hanyar sautin haruffa, a hutun Disamba, sai na koma ofishin nan da aka ce mini ni ba nasu ba ne. Wannan karon da wasiƙar firinsifal da kwafin izinin shiyya na je. Na jira Sakataren Ilimi tun ƙarfe tara har bayan azahar. Ya ce sunaye sun riga sun tafi, amma in na yarda in zauna a matsayin ɗan kallo, babu alawus babu kayan aiki, ba wanda zai kore ni. Na yarda. Kwana uku na yi a bayan aji, ni kaɗai ne malamin sakandare, ina kwafar abin da aka raba wa wasu da hannu. Abin da na fi ƙaruwa da shi tun ranar farko shi ne bambancin sunan harafi da sautinsa. Mun taso ana rera mana "si, e, ti", a ce cat, alhali ko shekara yaro zai yi yana haɗa si da e da ti ba za su ba shi cat ba, sai dai ya haddace. Tsarin yana koyar da sautuka 42 na Turanci rukuni-rukuni, ana farawa da s, a, t, i, p, n, don da waɗannan shida kaɗai yaro zai iya haɗa kalmomi da dama tun makon farko, kowane sauti kuma da motsinsa, kamar lanƙwasa hannu irin tafiyar maciji ana cewa sss. A rana ta biyu mai horarwar ta ce kowa ya faɗi pan da fan. Da aka zo kaina duka biyun abu ɗaya suka fito, aji ya kwashe da dariya. Ta nuna mana cewa mu da leɓɓa biyu muke fitar da f ɗinmu, shi ya sa take rikiɗewa da p, Bature kuwa haƙoran sama yake ɗorawa kan leɓen ƙasa. Ta sa muka riƙe 'yar takarda a gaban baki: in ka faɗi p daidai sai ta yi tsalle. Shekara tara ina koyar da Turanci, a gaban malaman firamare na koyi wannan.

Muka fara a Janairun 2024, cikin tsakiyar hunturu, ƙarfe bakwai da kwata. Makon farko rabin yaran ba sa isowa sai an kusa tashi, sai da mai unguwa ya sa aka yi sanarwa a masallaci. Na raba su gida uku. Malamar Hausa ta ɗauki masu haɗa kalma, wani ɗan bautar ƙasa daga kudu da ba ya jin Hausa ko "zo" muka ba shi masu karanta labari, rashin Hausar tasa ta zama alheri don dole suka riƙa yi masa Turanci. Ni na ɗauki 'yan babbaƙu. Ban kira su rukunin ƙasa ba, sunayen tsuntsaye muka sa wa rukunonin, don akwai samari masu shekara goma sha biyar a ciki, in ka kunyata su sau ɗaya ba za ka sake ganin ƙeyarsu ba. Muka fara da wasula biyar, sannan ba, be, bi, bo, bu, sannan haɗa gaɓa: ba da ba, baba, ta da sa, tasa. Hausa tana da wannan sauƙin, abin da ka rubuta shi za ka furta, shi ya sa yaro yake saurin gane sirrin cewa alamar da ke kan takarda sauti ce. Zumuɗi ya ɗebe ni a mako na uku na shigo da Turanci, sai komai ya cakuɗe. Wata yarinya ta ga cat ta ce "cat" da c ɗin Hausa ta ciki da cokali, kuma a iya abin da na koya mata ta yi daidai. Na janye, sai da muka cika mako shida a Hausa, har ƙ da ɗ da ɓ da ts suka zauna, sannan na dawo da Turanci ta ƙofar haruffan da sautinsu ɗaya ne a harsunan biyu, irin b, d, m, n, s, t, kafin mu taɓa masu rigima: c, p, v, th, da baƙaƙe biyu a jere da bakinmu yake son cusa musu wasali, a ce sukul. Wani abin da ban yi tsammani ba, yaro sai ya karanta jimlar Turanci tsaf bai san me ta ce ba. Dole kullum muka ware minti goma na magana zalla, in ɗaga tsintsiya ko kofi ko takalmi, a faɗi sunansa a sa shi cikin jimla.

A tsakiyar zango masu duba makarantu suka diro ba sanarwa, suka tarar da 'yan sakandare zaune a ƙasa da alluna suna ba, be, bi. Shugabarsu ta haɗe rai ta ce wa ya ba da izinin wannan. Na zaro kwafin nan mai hatimi daga jaka, na haɗa da jerin gwaji da rajistar halarta. Ta karanta, ta nemi kujera ta zauna har muka gama. Amma a littafinta ta rubuta cewa ina baya da mako biyu a manhaja, kuma gaskiya ta rubuta. Azumi ya kama ran 11 ga Maris, zuwan safe ya ragu sosai, muka koma lokacin laburare kaɗai. Jarrabawar ƙarshen zango ta zo, makin Turanci bai motsa ba, don tambayoyin na wanda ya riga ya iya karatu ne. Firinsifal ya kira ni ya ce, "Malam, ina abin?" Na roƙe shi ya fito gindin darbejiya ya zauna kusa da ni in sake gwajin. Cikin 26 da ba su san harafi ba, saura 4, kuma uku daga cikinsu ba su cika zuwa ba. Masu karanta labarin Hausa sun kai 41, na Turanci 17. Yaron bakin taga yana cikin masu sakin layi. Shi ne ya tare ni wata rana a bakin tasha, ya nuna mini bayan wata babbar mota, ya karanto abin da aka rubuta a hankali, "No food for lazy man", sannan ya ce, "Malam, mene ne lazy?"

Zango na uku na je firamaren da ta fi turo mana yara. Hedimasta ya karɓe ni a tsaye, da na ambaci gwaji sai ya ɗaure fuska. Ban ga laifinsa ba. Tun 2017 da aka sallami malaman firamare sama da 21,000 a Jihar Kaduna bayan jarrabawar gwaji, malami in ya ji wannan kalma gabansa faɗuwa yake. Sai da na rantse masa yara za a gwada ba malamai ba, kuma takardar a durowarsa za ta kwana. Ya zaga da ni aji biyu, malama ɗaya da yara fiye da ɗari. Manufar ilimin da muka taso da ita ta ce a koyar da harshen gida a shekara uku ta farko, amma abin da na gani a allo Turanci ne, bayani da Hausa, yara na kwafa, ba su samu wannan ba ba su samu wancan ba. Da na tafi da niyyar ɗora masa laifi, na dawo na bar masa kwalayen haruffanmu guda goma.

In da zan sake daga farko, gwaji zan fara yi kafin in buɗe baki a kowane ofishi, don takarda mai sunaye ita ce ta buɗe mini kowace ƙofa. Zan nemi abin da mai ofishin yake da ikon bayarwa da kansa, ba abin da sai ya tura sama ba. Zan zauna da iyaye tun kafin izini ya fito, in fara da liman da wakiliyar mata. Zan gaya wa firinsifal tun ranar farko cewa makin jarrabawa ba zai tashi a zango ɗaya ba, don kada ya ji kamar na yaudare shi. Kuma zan karanta takardar izini har ƙasa, abin da ban yi ba: a layin ƙarshe an rubuta cewa na shekarar karatu ɗaya ne. Sai a Satumba, da sababbin 'yan aji ɗaya suka shigo, mataimakin firinsifal ya nuna mini. Na buga sabuwar wasiƙa kwafi uku, na tsare akawu ya buga hatimi tun ran Litinin, Talata da sassafe na zuba lita biyu na kama hanyar shiyya, da ƙullin goro a aljihu.